Abin da ke Cikin Dirki: Sharhi kan Addini da Tsafi a Littafin Tarihin Kano

Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da tarihi, kuma kowace shekara idan aka zo babin shigowar Musulunci Kano, hawa uku nake yi wa labarin. Hawa na farko Barbushe ne a kan dutsen Dala yana bautar Tsumburbura. Na biyu zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji. Na uku Sarki Muhammadu Rumfa da Shaihu Magili, aka sare bishiyar tsafi aka gina hasumiya a gurbinta. Shi ke nan, sai yara su rubuta, su haddace, su ci jarrabawa. Sai bayan da na ajiye alli na sami sukunin bin littafin Tarihin Kano tun daga farkonsa har ƙarshensa, a nan na gane cewa abin da na yi ta koyarwa guntu ne na yanko daga cikinsa, kuma wajen yankan na zubar da wuraren da suka fi amfani. Wannan sharhi a kan waɗannan wurare ne.

Littafin da nake nufi shi ne wanda aka rubuta da Larabci, mai kawo sarakunan Kano ɗaya bayan ɗaya tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19. Baturen mulki H. R. Palmer ya fassara shi da Ingilishi a 1908, daga baya kuma ya fito da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Ya kamata malami ya sani cewa shekarun da muke ɗora wa sarakunan, kamar a ce Yaji ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, lissafin Palmer ne, ya samo su ta hanyar haɗa tsawon mulkin kowane sarki yana komawa baya. Da su zan yi aiki a nan domin su aka saba da su.

Wanda ya rubuta littafin Musulmi ne, na kusa da fada, kuma ya rayu bayan jihadi. Saboda haka mai karatu zai zaci zai tarar da shi yana muzanta duk abin da ya shafi tsafi. Amma a duba yadda ya kawo Barbushe. Ya siffanta shi da ƙarfi da kwarjini da sanin asiri, ya faɗi yadda jama'a ke taruwa a gindin Dala da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, shi kaɗai ke shiga kewayen da aka yi wa bishiyar, ya fito ya gaya musu abin da zai faru a shekara. Har ya sa a bakinsa labarin baƙon da zai zo ya mallake su, kuma ya nuna abin ya tabbata. Bai zage shi ba, bai mai da mutanensa wawaye ba. Ya ɗauke su a matsayin mutane masu tsari da shugabanni da abin da suka ba gaskiya da shi.

A zamanin Sarki Tsamiya (1307 zuwa 1343) ne aka rushe kewayen tsafin. Abin da ba mu faɗa wa yara shi ne abin da ya biyo baya. Da aka ci masu tsafin da yaƙi suka watse, sarkin ya tarar da biyu daga cikinsu ba su gudu ba. Ya nemi su gaya masa asirin abin bautarsu, suka gaya masa, shi kuma ya naɗa su sarauta, ɗaya Sarkin Cibiri, ɗaya Sarkin Garazawa. Wato ya rushe ginin, ya karɓe asirin, ya shigar da masu shi cikin fada. Duk wanda bai riƙe wannan ba, sauran labarin zai rikice masa.

Ga misali Kananeji (1390 zuwa 1410), wanda ɗa ne ga Yaji, wato ɗan sarkin da ya karɓi Wangarawa ya tsai da salla. Da ya kai wa Zazzau yaƙi bai yi nasara ba, sai ya nemi shawarar masu tsafi. Sarkin Cibiri ya ce masa ya mai da abin da iyayensa da kakanninsa suka rushe. Littafin ya ba da labarin yadda sarkin ya sari reshen bishiyar, ya tarar da jan maciji, ya kashe shi ya yi huffi da fatarsa, aka yi ganguna, aka rera waƙar Barbushe, sa'an nan ya koma Zazzau ya ci nasara. Marubucin bai ɓoye wannan ba, bai kuma tsaya ya yi wa'azi a kai ba. Ya rubuta nasarar Kananeji da irin muryar da ya rubuta nasarar Yaji a Santolo, inda addu'ar Wangarawa ce aka ce ta buɗe garin. A wajen sarakunan wancan lokaci, kamar yadda littafin ya nuna su, malami da mai tsafi duka masu riƙe da wani ƙarfi ne da ake nema ranar yaƙi, kuma sarki yana zuwa wajen wanda yake ganin nasa zai ci.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin Dirki. A zamanin Muhammadu Zaki (1582 zuwa 1618), kusan shekara ɗari bayan Rumfa, aka soma shi. Alƙur'ani ne aka naɗe da fatar akuya, daga baya aka riƙa ƙara masa ƙirgin shanu, har ta kai ana yanka masa shanu arba'in. Haka aka yi ta yi har zamanin Muhammadu Alwali (1781 zuwa 1807). Da yunwa ta auku, manyan fada suka matsa masa ya ba da shanun Dirki, suka tsoratar da shi da abin da kan sami sarkin da ya hana. Ya fusata, ya sa samari suka sassare shi da gatura har abin da ke ciki ya fito, sai ga Alƙur'ani mai kyawun gaske. Daga nan marubucin ya wuce kai tsaye zuwa labarin jihadi da faɗuwar Alwali, wanda aka ci da yaƙi a Ɗan Yaya.

Mai karatu ya tsaya ya dubi wannan. Abin da ke ciki littafin Allah ne, babu wanda zai ce gunki ne. Amma an rufe shi ruf yadda ba mai iya karanta harafi ɗaya, ana zubar masa da jini kamar yadda ake yi wa bishiyar Dala, ana jin tsoron fushinsa. To, wanda ya yanka sa ga Dirki, me ya yi? Da an tambaye shi, zai ce Alƙur'ani yake girmamawa. Kuma sarkin da ya fasa shi, shi ne wanda tarihin makaranta ya ajiye a sahun masu garwaya addini da tsafi, waɗanda aka yi jihadi a kansu. Ina ganin wannan ne dalilin da ya sa ba mu koyar da labarin: ba ya shiga akwatin da muka riga muka ƙera.

Malaman farkon ƙarni na 19 ba su guje wa tambayar ba kamar yadda muke yi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya kasa mutanen ƙasar Hausa uku: Musulmi tsantsa, da masu garwayawa, da waɗanda ba su taɓa shiga Musulunci ba. Ya lissafa yanka ga itatuwa da duwatsu da duba cikin abubuwan da ke fitar da mutum daga addini. Shehu Laminu na Borno, wato Al-Kanemi, ya rubuto yana jayayya. Hujjarsa ita ce irin waɗannan ayyuka saɓo ne na jahilci, maganinsu koyarwa, kuma ba a kafirta ƙasa saboda su. Ya kawo misalin Dimyaɗ ta ƙasar Masar, garin ilmi, inda ya ce talakawa na yi wa wata bishiya irin wannan. Muhammadu Bello ya mai da masa martani, kuma ya adana wasiƙun ɓangarorin biyu a cikin Infaƙul Maisuri wanda ya kammala a 1812. Wannan abin lura ne: Bello ya kwafe hujjar abokin jayayyarsa da tsawonta, ya bar ta ga na baya su karanta. Nawa ne cikinmu za su yi haka yau?

Tambayar ba ta mutu ba, domin tana cikin gidajenmu. Akwai laya a wuyan jinjiri, da rubutun sha ga mai naƙuda, da guru a ƙugun ɗan dambe, da malamin da ke buga ƙasa kafin a ɗaura aure. Risalar Ibn Abi Zaidin, wadda ake karantawa a zaurukanmu tun da daɗewa, ba ta ga laifin rataya laya ba idan Alƙur'ani ne a ciki. Wasu malamai kuwa, musamman tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, sun hana abin ɗungurungum, suna kafa hujja da magabatan da suka ƙi shi. Ba hurumina ba ne in raba wannan gardama. Abin da na sani shi ne, layar da aka ɗinke da fata, mai ita bai san abin da ke ciki ba, kuma yana tsoron ranar da za ta ɓace, ƙanwar Dirki ce ƙarama. Mutumin da ke da irinta a aljihu ya kamata ya sassauta murya idan ya zo zancen Bamaguje da tsafinsa.

A nan ne littafin da kansa ya gaza, kuma dole a faɗa. Tarihi ne na fada. Masu tsafi suna da suna da baki a cikinsa muddin suna da amfani ga sarki ko suna yi masa barazana, da zarar an gama da su sai su ɓace daga shafi. Manomin ƙauye da ya ci gaba da addinin kakanninsa ba shi da wuri a ciki, haka matan da suka riƙe bori. Akwai kuma wuraren da marubucin ya auna mutanen da da ma'aunin zamaninsa, kamar inda ya ce Barbushe ba ya saukowa daga Dala sai ranakun Idi, alhali a lokacin babu mai yin Idi a wurin. Wanda ke son sanin yadda Maguzawa ke kallon abinsu sai ya nemi wani littafin. Ba'amurke Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya buga bincikensa a 1946. Ya tarar sun san Allah shi ne mahalicci, iskoki ne suke yi wa yanka domin su ne suke ganin suna kusa da al'amuran yau da kullum, kuma cikin iskokin nan har da Malam Alhaji, mai rawani da carbi. Ashe garwayar ta bi hanya biyu: fada ta naɗe Alƙur'ani da ƙirgi, ƙauye kuma ya shigar da malami cikin iskoki. Shi kansa sunan Maguzawa daga kalmar Majusu ya fito, kuma amfaninsa a shari'a shi ne ya ba su damar zama cikin amana suna biyan jiziya. Hukumar Musulunci ce ta nemo musu wannan mafaka.

Dalilin da ya sa wannan ya dame ni, wani yaro ne. A wata makarantar karkara da na koyar a farkon aikina, akwai ɗan Maguzawa a ajina, mai ƙoƙari, mai yawan ɗaga hannu. Ranar da na yi darasin Barbushe na kwaikwayi rawar masu tsafi don in ba yara dariya, na ambaci baƙin kare, aji ya barke. Da aka fita tara sai na ji ana kiransa jikan Barbushe, ana yi masa haushin kare. Bai sake ɗaga hannu ba har ya bar ajina. Ni na jawo masa, da bakina, kuma a lokacin ina ganin addini nake karewa. Alhali aya ta 108 a Suratul An'ami ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa, kuma na san ta tun ina makarantar allo. Mafi yawan Maguzawa sun musulunta ko sun shiga Kiristanci a shekarun da suka biyo baya, amma 'ya'yansu da jikokinsu na nan a azuzuwanmu, suna jin yadda ake ambaton kakanninsu. Kakannin nan kuwa, in aka bi salsala, na yawancinmu ne.

Ba ina cewa malami ya gaya wa yara tsafi gaskiya ne ba, ko ya ɓoye abin da ya yi imani da shi. Marubucin Tarihin Kano bai ɓoye nasa ba, ya nuna farin cikinsa a fili da zuwan malamai da littattafai a zamanin Yakubu da Rumfa. Duk da haka ya iya kiran Sarkin Cibiri da sarautarsa, ya faɗi abin da ya ce da abin da ya yi, ya bar mai karatu da hankalinsa. Iyakar abin da nake roƙon abokan aikina ke nan: idan aka zo wannan babi, a ƙara Tsamiya da Kananeji da Dirki a kan hawa ukun nan, a karanta su kamar yadda suke a littafin, a bar yara su yi tambaya.

Na gwada haka kwanan baya da wasu dattawa a ƙofar gida bayan la'asar. Da na kai inda gatura suka fasa ƙirgin, aka yi tsit. Wani ya ce Alwali ya yi daidai, wani ya ce ai ga abin da ya same shi nan. Can sai wani tsoho da bai ce komai ba tun farko ya tambaya: “To, Malam, bayan an fito da Alƙur'anin, an sami wanda ya karanta shi?” Na sake duba shafin a gabansu. Marubucin ya faɗi kyawunsa kawai, ya wuce zuwa labarin yaƙi.