Magana a Kan Littattafan Ƙabalu da Sadalu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai almajiri, ya kai falke, na sake duba littattafai uku da suka ta da ƙura a Kano zamanin iyayenmu: Raf'ul Malami na Shehu Ibrahim Inyass, mai kare ƙabalu, da Ƙam'ul Fasadi na Malam Nasiru Kabara, mai fifita sadalu a ƙasashen nan, da Sabilur Rashadi na Malam Sani Kafinga, raddi ga na biyun. Allah Ya jiƙan su duka.

Ta fuskar hujja babu wanda ya zo hannu rabbana. Mai sakin hannu yana da riwayar Ibnul Ƙasim cikin Mudawwana, Muhtasar kuma ya jera sadalu cikin mustahabbai. Mai kamawa yana da hadisin ɗora dama bisa hagu, cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik kansa. Malaman fiƙihu kuwa ba su ce ɗayan biyun yana ɓata salla ba.

Inda nake da magana shi ne sunayen. Malami yana rubuta wa malami, amma abin da ke isa kasuwa sunan littafi ne kawai. Kalmar fasadi ta yi wa mustahabbi nauyi, kalmar rashadi kuma jahili zai ɗauka wancan ɓatacce ne. Sunan na farkon ya fi taushi, don ɗauke zargi kaɗai ya nema. Wanda bai sauke Ahalari ba ya riƙe suna ya bar hujja, har aka raba masallatai.

Alhali dubi asali. A hajjin 1937 Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya sadu da Shehu Ibrahim: wannan Bafulatani ƙarƙashin Ingila, wancan mutumin Kaulaha ta Senegal ƙarƙashin Faransa. Addini ya haɗa su, har Kanawa suka riƙa zuwa Kaulaha kamar gida. Ƙadirawa ma silsilarsu Bagadaza ta nufa. Da aka kafa Izala a Jos a 1978, sai ɗariƙun biyu suka matso kusa, ga shi kuwa 'yan Izala ƙabalu suke yi kamar almajiran Shehu. Ashe iyakar ba a hannu take ba.

Wata Lahadi a kasuwar Ɗanbatta na ga sahun azahar: Buzu daga Nijar, Bafulatanin daji, Bayarabe mai sayen shanu, kafaɗa da kafaɗa. Wani dattijo mai hatsi ya ga liman ya kama hannu, ya zame ya yi tasa bayan buhuna. Da la'asar limamin ya zo rumfarsa, dattijon ya auna masa gero bashi har zuwa kaka, babu shaida, babu rubutu.

Tamat.