Sharhi A Kan Yadda Aka Ba Da Labarin Kisan Jami'ar Virginia Tech

Ran 16 ga Afrilu, 2007, wani ɗalibi ya bindige mutum 32 a Jami'ar Virginia Tech ta Amurka, sa'an nan ya kashe kansa. Tsakanin harinsa na farko da na biyu ya tsaya gidan waya, ya aika wa tashar talabijin ta NBC hotunansa da jawabinsa. Bayan kwana biyu aka nuna su, sauran tashoshi suka ɗauka, suka yi ta maimaitawa. Watau makashin ya tsara wa kansa kirari, 'yan jarida suka zame masa maroƙa.

Aibin wannan aiki yana cikin ginin labarin. Duk mai nazarin kirari ya san wanda aka yawaita ambaton sunansa shi ne gwarzon zance, ko da zaginsa a ke yi. A ranar, wani malami mai shekara 76, Liviu Librescu, ya tokare ƙofar ajinsa har ɗalibai suka fice ta taga, aka kashe shi. Amma fuskar da ta cika allunan talabijin ta makashin ce.

Hasarar iri uku ce. Ta farko, koyi. Cikin saƙonsa ɗalibin ya yabi matasa biyun da suka yi kisa a makarantar Columbine cikin 1999, waɗanda jaridu suka yayata sunansu. Suna kuwa lada ne ga mai nemansa. Ta biyu, fama wa masu makoki gyambo, har waɗansu dangin mamatan suka janye daga hirar da suka shirya yi da NBC. Ta uku, karkatar da hankalin jama'a, gama fiye da rabin masu mutuwa ta bakin bindiga a Amurka su ke kashe kansu, labarinsu kuwa ba ya samun babban shafi.

Ba a ce a ɓoye labari ba, domin jama'a suna da hakkin sani. Abin nema shi ne awo. Cikin 2019, da aka kashe mutum 51 a masallatai biyu na Christchurch, Firayim Minista Jacinda Ardern ta ƙi furta sunan makashin, ta nemi a ambaci mamatan. Ya kamata malamai masu horar da marubuta su aza labaran nan biyu gaban ɗalibai, su sa su ƙirga sunan wa aka fi ambata cikin kowanne.