Masu Karatun Iska a Tsakiyar Teku

Manomin Arewa ya san iska biyu. Akwai ta hunturu mai saukowa daga arewa maso gabas ta lulluɓe duwatsun Dogondutsi da hazo, akwai kuma ta damina wadda mutanen Tibiri ke jira kafin su fito da irin hatsi. Iskar hunturun nan ba a Dallol Mawri take tsayawa ba. Wucewa take ta faɗa tekun Atalantika, kuma shekara 300 da suka wuce irinta ce ke tura manyan jiragen ruwa zuwa nahiyar Amurka. Babu inji a lokacin, sai faffaɗan zannuwa da ake ɗaurawa a dogayen itatuwa don su tari iska.

Wanda ya iya karanta wannan iska shi ne madugun teku, kuma gwanintarsa tana ba ni mamaki ƙwarai. Madugun da ke kai ayarin gishiri Bilma yana da tudun rairayi da sawun raƙuma. Shi kuwa wannan, ruwa gaba ruwa baya, sawunsa ma shafewa yake nan take.

To yaya yake sanin inda yake? Yana da igiya mai ƙulli-ƙulli, tsakanin ƙulli da ƙulli kamar mita 14, an ɗaura ɗan katako a bakinta. Sai a jefa katakon a ruwa ta bayan jirgi, wani kuma ya kifa 'yar kwalbar rairayi mai zubewa cikin rabin minti. Igiya na zarewa ta cikin yatsu, mai riƙo na ƙirga ƙulli. Rairayi na ƙarewa sai ya damƙe. Ƙulli nawa suka wuce, gudun jirgin ke nan. A rubuta, a haɗa da inda kamfas ya nuna, dare da rana ba fashi. Da rana ta take tsaka kuma sai ya auna tsayinta daga inda sama ta haɗu da ruwa, ya gane nisan da ya yi kudu ko arewa. Gabas da yamma kuwa sai lissafi da ƙiyasi. Ko iska ta zo ta gaba ba ya tsayawa: ya karkata dama, ya karkata hagu, kamar mai hawan dutse a kaikaice.

Saboda tsadar wannan ilimi, 'yan fashin teku in sun kama jirgi har da matuƙi suke kwashewa. Haka aka yi wa Bartholomew Roberts a 1719 a Anomabu, gaɓar Ghana ta yau. Ma'aikaci ne a jirgin bayi, aka tafi da shi dole. Cikin makonni shida shugaban 'yan fashin, Howell Davis, ya mutu, sai suka naɗa baƙon nan don shi ya san hanya. Bai cika shekara uku ba ya kama jirage wajen 400. Amma ko shi teku ba ta raga masa ba. Ya taɓa nufar tsibiran Kap Bard ya kuskure su, iska kuma ta hana shi komawa, dole ya bi ta har Suriname, mutanensa na rabon ruwan sha da kurɓi.

Hannunsa nake yabo, aikinsa kam mugu ne. A Janairun 1722 ya shiga Wida, kusa da Kotonu, ya tsare jirage 11. Ɗaya ya ƙi biyan fansa, sai mutanensa suka cinna masa wuta da bayi 'yan Afirka kimanin 80 a ɗaure a ciki.

Wani gwanin ne ya yi maganinsa. Kyaftin Chaloner Ogle na sojan ruwan Ingila ya biyo shi da jirgin Swallow mai igwa 50, ya same shi a Cape Lopez, ƙasar Gabon ta yau, ranar 5 ga Fabrairu. Swallow ya karkata ya nufi tsakiyar teku, 'yan fashi suka ɗauka ɗan kasuwa ne ya tsorata, suka tura jirginsu Ranger ya bi shi. Ogle ya yi ta jan sa, ba ya tsere masa, ba ya kuma bari a cim masa, har suka yi nisan da na gaɓa ba za su ji ƙarar igwa ba. Sannan ya juyo ya buɗe wuta.

Bayan kwana biyar ya komo, ya tarar da yawancin mutanen Roberts a buge. Harsashi ya sami Roberts a maƙogwaro, mutanensa suka jefa gawarsa a ruwa kamar yadda ya yi wasiyya. Sauran aka kai su Cape Coast aka yi musu shari'a, aka rataye 52.