Littafin da Aka Zaɓa da Aikin da Aka Bayar: Tsokaci a Kan Adabin Ingilishi a Makarantun Sakandare

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin da ya bar sakandare bai taɓa karance ƙagaggen labari guda daga farko zuwa ƙarshe ba, da wuya jami'a ta mayar da shi makaranci. Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda ake zaɓen littattafan adabin Ingilishi da ayyukan aji, domin a nuna cewa rabon malami a cikin wannan al'amari ya fi yadda yake zato.

Zaɓen Littafi

Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, ita ke fitar da jerin littattafai ga ƙasashe 5: Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya. Sai dai jerin yakan zo da littattafai bibbiyu a kowane sashe, makaranta ta ɗauki guda. Jerin 2021 zuwa 2025 ne abin misalinmu. A sashen zube na wajen Afirka, an gwama Wuthering Heights na Emily Bronte (1847) da Invisible Man na Ralph Ellison (1952). Na farkon yana da masu ba da labari biyu, ɗaya a cikin bakin ɗaya, ga sunaye masu maimaituwa tsakanin iyaye da 'ya'ya, ga kuma karin harshen ƙauyen Ingila a bakin bara Joseph. Na biyun doguwar tafiya ce da ba ta fahimtuwa sai da tarihin wariyar launin fata a Amurka. Duka biyun fitattu ne, amma ingancin littafi daban, dacewarsa da yaro ɗan shekara 16 da Ingilishi ya zame wa harshe na biyu ko na uku daban.

A sashen Afirka kuwa, an gwama Second Class Citizen na Buchi Emecheta da Unexpected Joy at Dawn na Alex Agyei-Agyiri. Na biyun an gina shi ne a kan korar baƙi daga Gana a 1969 da wadda Nijeriya ta yi a 1983. Wannan jigo ba baƙo ba ne ga Bahaushen da ke da dangi a zangunan Kumasi ko Ankara. Makarantar da ta tsallake shi don kawai ɗayan ya fi sauƙin samu a kasuwa, ta yi asarar gadar da ke tsakanin aji da gida.

Haka nan, babu dokar da ta hana malami ya share fage a ajin farko na babbar sakandare da gajerun littattafai irin su The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi (1960) ko The Stillborn na Zaynab Alkali (1984). Wanda ya saba da rafi ba ya tsoron kogi.

Zaɓen Aiki

A nan ne gizo ke saƙa. Ayyukan aji na da kashi 30 cikin 100 na makin ɗalibi, kuma malami ne ke tsara su. Amma jingar da aka fi bayarwa ita ce, "Tattauna jigon littafin" ko "Bayyana halayen tauraro." Amsar irin waɗannan tambayoyi tana nan a shirye cikin 'yan ƙasidun taƙaitawa da ake sayarwa a bakin makarantu, yanzu kuma ga intanet. Ɗalibi sai ya kwafa ya ci maki, littafin kuwa yana rufe. Ke nan tambayar ba ta auna karatu ba, hadda ta auna.

Aiki nagari shi ne wanda ba ya yiwuwa sai an buɗe littafi. A ba ɗalibi shafi guda ya fito da kalmomin da marubuci ya gina fargaba da su. A sa shi ya rubuta wasiƙa da bakin Sidi ta cikin The Lion and the Jewel, tana bayyana wa Lakunle dalilin da ya sa ta zaɓi Baroka. A sa shi ya tambayi wani dattijo labarin korar 1983, ya kwatanta da abin da ya karanta. Ta haka darasin harshe da na adabi za su haɗu, domin wasiƙa da rahoto da taƙaitawa duk suna cikin manhajar Ingilishi.

Kammalawa

Gaskiya ne ajin da ya cika maƙil yana wahalar dubawa, littattafai kuma sun yi tsada. Duk da haka, jinga 3 masu ma'ana a zango sun fi 10 na kwafe. Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla gobe su ne za su riƙe alli. Kafin su rubuta tambaya a allo, ya kamata su fara tambayar kansu: shin wanda bai karanta littafin ba zai iya amsa ta? In zai iya, to a sake wata.