Dodon Kanti Da Dodon Laka

Yau maganar dodo na zo mana da ita, amma kada gaban kowa ya faɗi, domin dodon da nake nufi bai wuce tsawon gaɓa biyu ta ɗan yatsa ba, kuma ba ya cin kowa sai dai kuɗin mai shi.

Wata sana'ar nishaɗi ce ta Turawa wadda yanzu hotunanta suka fara yawo a wayoyin ƙannenmu, musamman 'yan makaranta na nan Samaru. Mutum baligi, wani ma da furfurarsa, sai ya sayo 'yan ƙananan mutum-mutumi na dodanni da mayaƙa da macizai masu fukafukai, ya zauna da buroshi siriri kamar tsinken tsintsiya yana yi musu fenti dare da rana. In ya gama sai ya jera su a kan tebur shi da abokansa, su riƙa jefa ƙwaya irin ta lido suna gwabza yaƙin ƙarya. A Amurka aka fito da wasan da ake kira Dungeons & Dragons a 1974, wasu mutum biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, su suka tsara shi. A Ingila kuwa kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, shi ya fito da wasan Warhammer a 1983, kuma tun 1987 suke da gasa ta musamman don fidda gwanin fenti. Galibin mayaƙan tsayinsu wajen milimita 28 ne zuwa 32.

To, na zauna na ƙare wa ayyukan nan kallo, kuma gaskiya ɗaya ce, akwai abin yabo. Na farko haƙuri. Ba haka nan ake dangwala fenti ba, sai an fara shafa launi ɗaya a jikin abin gaba ɗaya don fenti ya samu wurin kamawa, sannan a bi kowane sashe da nasa launin, fata daban, riga daban, takobi daban. Daga nan a tsinka fenti mai duhu da ruwa a zuba, ya gangara ya kwanta cikin lunguna ya zama inuwa. A ƙarshe a ɗauko launi mai haske, a goge buroshin har ya kusa bushewa, a shafa a kan tudun hanci da gefen kafaɗa. Shi ya sa za ki ga abu kamar ƙwayar gyaɗa amma ido na kallonki kamar zai ƙifta. Duk wadda ta taɓa zama ta yi wa amarya zanen lalle, ko ta yi ɗinkin hula zanna, ta san irin wannan natsuwar, ta kuma san ciwon wuyan da ke biyo baya.

Amma ina da ƙorafi guda uku a kan abin.

Na ɗaya, mai fentin ba shi ya ƙera dodon ba. Inji ne ya zubo shi da roba, iri ɗaya dubu-dubu, shi nasa kawai ya haɗa da gam ya shafa launi. Har littafi kamfanin kan buga ya nuna maka wane launi za ka sa a ina, kuma shi ne dai mai sayar maka da fentin. Ashe ke nan hannun naka ne, amma tunanin na wani ne. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Na biyu, tsada. Da fam na Ingila da dalar Amurka ake sayen kayan nan, kuma an tsara wasan yadda runduna ba ta taɓa cika, kullum akwai sabon akwati. In aka juya kuɗin zuwa naira, a gidan da ake auna masara da tiya, wannan ba wasan yara ba ne.

Na uku, dodannin ba namu ba ne. Daga tatsuniyoyin ƙasashen sanyi aka ɗebo su, ga ƙoƙon kan mutum ko'ina, ga jini, matan cikinsu kuwa sau da yawa an yi musu shigar da ba za ki so 'yarki ta saba gani ba. Yaron da ya tashi da waɗannan kaɗai, in kin ce ya zana miki dodo, na Bature zai zana.

Nan ne fa maganar ta dawo gida. Mu ba mu da irin wannan wasa ne? Wallahi muna da shi, sai dai raini. Wace ce a cikinmu ba ta yi 'yar tsana ba? Da ƙashi ko kara ko totuwar masara, a yi mata kitso da zare, a ɗaura mata zane da ƙyallen da aka tsinto a shagon tela, a sa mata tsakiya da jigida, har a yi mata biki da gara da tuwon ƙasa. 'Yan uwanmu maza kuwa da damina sai su ɗebo laka a bakin rafi su gina shanu da tozo da ƙaho, da doki da mahayinsa, su yi mota da kara ko gwangwani. A watan azumi kuma yara su haɗa kayan tashe da tsumma da auduga da baƙin tukunya. Duk wannan daga kan yaro yake fitowa, ba wanda ya ba shi littafi, ba a kuma kashe ko kwabo. A wajen ƙirƙira, ni dai na ba ɗan laka maki sama da ɗan kanti.

Amma kada mu yi tuya mu manta da albasa, namu ma yana da nasa aibun. Ba ya ƙarko, saniyar laka kwana biyu ƙafa ta karye domin ba a gasa ta ba. Ba a ƙarasa shi, da wuya ki ga an goge an yi masa launi. Babban aibun kuma daga gare mu iyaye mata yake. Yaro ya shigo da abin da ya wuni yana ginawa, maimakon a ce madalla, sai a hau shi da faɗa: "Kai wane irin ƙazami ne, dubi rigarka!" a sa tsintsiya a share aikin a zuba a bola. Yarinya kuwa da ta kai shekara goma an raba ta da 'yar tsana, an ɗora mata farantin talla. Ranar sallah sai mu shiga kasuwar Sabon Gari mu sayo 'yar tsanar roba mai shuɗin ido da gashin doki, da bindigar roba, kafin sati sun karye. Da haka hannun yaro ke mutuwa. Bature ya riƙe wasansa har ya zama kamfani mai ɗaukar dubban ma'aikata, mu kuma mun share namu da tsintsiya.

Abin takaicin ma a ce a Zariya ake haka. A nan ne Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a na cikin birni da ƙasa, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, har yau masana gini na zuwa kallon bakan-gizonsa. A nan Samaru, a 1958, wasu ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiya, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Abin da suka tsaya a kai shi ne a koyi dabarar Bature, amma a yi aiki da abin gida. Shi Uche Okeke halittun tatsuniyoyin mutanensa Ibo ya riƙa zanawa, kuma da haka duniya ta san shi. Ga kuma Ladi Kwali, mace 'yar uwarmu, maginiyar tukwane daga ƙasar Gwari, wadda ke zana ƙadangare da kunama da kada da kifi a jikin tulu. Jami'ar nan ta Samaru ce ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, ta rasu a 1984, ga hotonta nan a bayan naira 20 tana aikinta. Duk da laka ta kai wannan matsayi, lakar da muke dukan yara a kanta.

Kuma in dodanni ake nema, rumbunmu cike yake. Ga Dodo da Dodanniya, ga Gizo da Ƙoƙi, ga Botorami, ga macijin rijiyar Kusugu ta Daura. Ga Zankallala na tsofaffin tatsuniyoyi, ɗan mitsitsi, maciji ne sandarsa, kunamu ne ƙaiminsa, taron zuma ne hularsa, amma shi ya ga bayan Dodo. Raina kama ka ga gayya. Don Allah ki faɗa mini, a duk akwatunan Ingila akwai wanda ya kai wannan daɗin ginawa? Ga kuma littattafanmu irin su Gandoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933 da aka shirya a nan Zariya, cike da aljanu da abubuwan al'ajabi.

Na san wata za ta ce, to ina batun addini? Tambaya ce mai kyau, kada a yi wasa da ita. Malamanmu na Malikiyya sun hana yin mutum-mutumi cikakke na abu mai rai, irin mai inuwa, amma sun keɓe 'yar tsanar da yara mata ke wasa da ita. Hujjarsu ita ce Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma bai hana ta ba. A ruwayar Abu Dawuda ma har da doki mai fukafukai biyu na ƙyalle a cikinsu, da ya tambaye ta, ta ba shi amsa, sai ya yi dariya. Saboda haka wasan yaro daban, babba ya cika kabad da gumaka yana ado da su daban. Wadda ke son bayani filla-filla sai ta kai wa malaminta na Islamiyya. Wadda kuma zuciyarta ba ta kwanta da mai rai ba, ai ga gidan sarki da zaure da rumbu da jirgin ƙasa da mota, duk ana ginawa a yi musu zanen dagi.

Shawarata ita ce mu ɗauki haƙurin Bature da iya ƙarasa aikinsa, mu bar masa akwatinsa. Ki ware wa yara lungu ɗaya a tsakar gida da tsohuwar riga ta aiki. Ki samo musu yumɓu mai kyau a wajen masu ginin tukwane, a cuɗa shi sosai, in an gina a shanya a inuwa kwana da kwanaki, domin rana tsaga shi take yi. In ya bushe ƙarau a roƙi mai tukwane ta sa a cikin gashinta. Launi kuwa ga farar ƙasa, ga jar ƙasa, ga gawayi, ga bula, a dama da ɗan ƙaro don ya kama, ko ki sayo fentin ruwa na 'yan makaranta a shagon littattafai. A guji ragowar fentin mota da na ƙofa, domin wasu na ɗauke da dalma, yaro kuwa komai baki yake kaiwa. Su kansu Turawan da dalma suke zuba dodanninsu a da, sai a shekarun 1990 manyan kamfanoninsu suka daina. Mu ma ba mu manta da abin da gubar dalma ta wajen haƙar zinariya ta yi a Zamfara a 2010 ba, inda yara sama da 400 suka rasu. Ƙananan abubuwa irin su tsakiya kuma a nisanta su da mai rarrafe.

Da dare ki yi musu tatsuniya, da safe ki ce kowa ya gina abin da ya ji. Za ki sha mamaki, domin dodon Ladidi ba zai yi kama da na Sani ba. Wanda ya yi kyau ki ɗora shi a kan taga, in babansu ya dawo ki nuna masa a gabansu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba ki san a cikinsu wa zai zama magini ko tela ko injiniya ba.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a hannuwansu, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.