Kalmar « fascisme » da fassararta a Hausa: wata suka daga tarihin Damagaram

Tun da kundin sabunta ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci cikin harsunan aiki, maganar ƙirƙiro kalmomi ta wuce hirar masana, ta zama larura. Duk littafin tarihin da za a rubuta wa ɗalibai sai ya taɓo yaƙin duniya na biyu, kuma ba a bayanin wannan yaƙi ba tare da kalmar « fascisme » ba. Abin da za mu duba a nan shi ne yadda aka saba juya ta zuwa Hausa, da dalilin da ya sa, a ganinmu, fassarar ba ta biyan bukata.

Hanyoyi biyu muke gani. Masu fassara sukan ce « mulkin kama-karya » ko « mulkin danniya », su wuce. Ɗalibai da ƴan ƙwadago kuwa ɗaukar kalmar Faransanci suke yi ɗanyarta, su jefi abokin gaba da ita. A nan akwai wani abin lura ga mai nazarin furuci: Bafaranshe da « sh » yake faɗin « fasciste », kunnen Bahaushe kuma sai ya ji « fashi ». Wani ɗalibinmu ya taɓa rubuta mana cewa ma'anarta « ƴan fashin siyasa ». Amsar ta ba mu dariya, amma ta nuna inda kalmar ta sauka: zagi ce, ba suna ba.

Asalinta ba shi da dangantaka da fashi. Daga Latin ta fito, « fasces », damin sanduna da gatari a tsakiya, alamar iko a daular Rum ta dā. Hoton ba baƙo ba ne a gare mu, mu da muke cewa tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Musolini ya kafa ƙungiyarsa a Milan ranar 23 ga Maris 1919, ya hau mulki a Oktoba 1922. Masanin tarihi Robert Paxton ya nuna cewa abin da ya bambanta wannan tafiya da sauran mulkin ƙarfi shi ne daga ƙasa take tasowa: jam'iyyar taron jama'a mai ƴan banga, wadda take cusa wa mutane cewa al'ummarsu ta wulaƙanta saboda maƙiya na ciki, ta haɗa kai da masu dukiya da manyan soja, ta rushe ƴancin zaɓe da yardar wani ɓangare na masu zaɓen kansu, sa'an nan ta nemi yaƙi.

In haka ne, « kama-karya » ta yi wa abin yawa, kamar rigar uba a jikin ɗa. Sarki Tanimun, wanda ya kewaye birnin Damagaram da garu ya kuma tara bindigogi da igwa, ba ya shawara da talaka, yaƙinsa kuma na kamen bayi ne. Amma ba jam'iyya, ba zaɓen da ya rushe. Ayarin Voulet da Chanoine, da ya yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a 1899 kan hanyarsa ta zuwa Damagaram, jamhuriya ce mai majalisa da jaridu ta aiko shi. Ita ce kuma ta tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa a 1906 bisa zargin makirci.

Lokacin da ya fi kusa da batunmu shi ne 1940 zuwa 1942. Bayan faɗuwar Faransa, Félix Éboué ya kai Cadi ɓangaren de Gaulle a Agusta 1940, Nijar kuwa ta zauna ƙarƙashin gwamnatin Vichy ta Pétain, tare da sauran ƙasashen da Pierre Boisson yake mulki daga Dakar, har Nuwamba 1942. Damagaram ta sami kanta a bakin iyaka biyu: Ingilishi a Kano, ƴan de Gaulle a gabas. To, me ya sauya ga manomin Mirriya ko na Magarya? An tsananta tsaron iyaka, fatauci da Kano ya yi wuya. Amma aikin tilas, da harajin kai, da dokar « indigénat » wadda ta ba kumandan ikon ɗaure mutum ba tare da shari'a ba, duk Vichy ta tarar da su, ta kuma tafi ta bar su. Sai a 1946 aka soke dokar « indigénat » da aikin tilas, shi aikin tilas da dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu. Wanda ya kira shekarun nan biyu da sunan mulkin ƴan « fasciste », ya yi shiru a kan arba'in da suka gabace su, ya wanke jamhuriya bai sani ba. Shi ma Paxton, wanda littafinsa na 1972 ya tona haɗin bakin Vichy da Jamus, bai jera ta tare da gwamnatin Musolini kai tsaye ba.

Na ainihin kuwa bai yi nisa da mu ba, yana arewa. A Libiya sojojin Musolini, ƙarƙashin Graziani, sun tsare mutanen Barƙa a sansanoni, sun kama Kufra a 1931, sun rataye Umar Mukhtar a watan Satumba na shekarar. Garin da fatakensa suka daɗe suna bin hanyar Tarabulus ya cancanci a koya wa ƴaƴansa wannan tarihi da sunansa.

Za a iya kawo mana hujjar Aimé Césaire, wanda ya ce a 1950 abin da Hitila ya yi wa Turai shi ne abin da Turai ta daɗe tana yi wa ƙasashen da ta mallaka. Mun yarda da shi. Sai dai hujjar tasa kwatanci ce, kuma kwatanci yana bukatar abu biyu masu suna biyu. In aka narkar da « mulkin mallaka » da « fascisme » cikin kalma guda, ba sauran abin da za a kwatanta.

Mai da kalmar zagi tsohuwar al'ada ce. Daga 1928 ƴan kwaminis na Turai suka riƙa laƙaba ta ga ƴan gurguzu masu sassauci, har Hitila ya hau mulki a 1933 ya haɗa su duka a kurkuku. Da wannan ɗanɗano ta iso mana, ta bakin ɗaliban da suka yi karatu a Faransa da takardun ƙungiyoyin gwagwarmaya. Gwamnatin Jori Hamani ta haramta Sawaba a 1959, jam'iyyar da take da ƙarfi ƙwarai a Damagaram. Tana da ƴan banga, ta kuma harbe ƴan Sawaba a bainar jama'a a 1964. Nan akwai kama, kuma ta isa a yi mata bincike na musamman. Seyni Kunce kuwa da juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 ya zo, ba da taron jama'a ba. Ya rusa jam'iyya, ya jingina da sarakuna, samariyarsa daga sama aka tsara ta. An ji tsoro a zamaninsa, ba mai musu, amma sunan abin mulkin soja. Ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, lokacin Ali Saibu, kiran abin da aka yi masu kisa da zalunci bai rage masu komai ba.

Hausa ba ta da talauci a wannan fage: zalunci, danniya, fin ƙarfi, kama-karya, mulkin soja, mulkin mallaka, kowace da gurbinta. Ta ƙirƙiro « jari-hujja » da « gurguzu » domin an daɗe ana muhawara a kansu a cikinta. « Fascisme » ba ta sami wannan gata ba, shi ya sa ba ta da suna na gida. Shawararmu ita ce a are ta, a yi mata ɗafin -anci kamar yadda aka yi wa « kwaminisanci », a ce « fasisanci », da « s » domin a raba ta da fashi. A ƙamus kuma a bi ta da bayanin da ya ambaci Italiya, da shekarun 1922 zuwa 1943, da Libiya da Habasha, a sa « kama-karya » a matsayin jinsin da take ciki.