Kalmar "Sitika" da Masu Ƙinta

Akwai waɗansu malamai da masu fassara da ke ƙyamar kalmar sitika, wai baƙuwa ce, sai su sa "takardar mannawa" ko "lamba" a madadinta. Nufinsu na kirki ne, amma hujjarsu ba ta da ƙarfi, gama kalmomin nan biyu ba su ɗauki ma'anar ba.

Sitika ita ce 'yar takarda ko roba wadda ta zo da gam ɗinta a baya, a ɓare ta a liƙa, ba ruwa ba yawu. Takardar mannawa kuwa ta haɗa har da fostar da ake shafa wa gam a manna a bango lokacin zaɓe. Lamba ta fi wannan faɗi, tun da akwai ta mota, akwai ta girma.

Abin kansa ma sabo ne. Kan sarki na farko, wanda aka buga a Ingila a 1840 da hoton Sarauniya Biktoriya, sai an jiƙa shi kafin ya kama. Takarda mai kamawa da kanta kuwa, sai a 1935 wani Ba'amurke, R. Stanton Avery, ya fara yinta. Saboda haka wanda ya je neman kalmar cikin ƙamus ɗin Bargery na 1934, raɗin suna ya nema tun ba a haihu ba.

Bayan wannan, kalmar ta riga ta bi ƙa'idar Hausa. An raba baƙaƙen farko da wasali kamar yadda aka yi wa sikeli da sitiyari, an ƙare ta da -a kamar mota. Ta samu jinsi, ana cewa sitikar, ta samu jam'i, watau sitikoki, bisa awon taga da tagogi. Har ma'anarta ta yi reshe: tun da WhatsApp ya fito da nasa sitikoki a 2018, ana kiran ɗan hoton da ake aikawa ta waya sitika, alhali ba ya manne da kome. Ba wani abin mamaki ba ne, gama kan sarki ma bai rasa sunansa ba ko da hoton tsuntsu ne a kansa.

To, malamin da ya ja wa ɗalibi jan biro a kan sitika, lalle ya kawo masa wata kalma guda mai raba ta da fosta da lamba. In babu, ya bar masa abarsa.